Tom Kilburn: Injiniyan da ya koya wa kwamfuta aron wurin ajiya

Duk wanda ya taɓa buɗe ɓoyayyun fayilolin kwamfuta mai amfani da Windows zai ci karo da wasu manyan fayiloli guda biyu da bai san lokacin da suka shigo ba. Ɗaya sunansa pagefile.sys, ɗayan kuma hiberfil.sys. Sau da yawa su biyun kan cinye gigabait masu yawa, har mai kwamfutar ya ɗauka ko shara ce ko kuma wata cuta ce ta shiga na'urarsa, ya fara neman hanyar goge su.

Ba shara ba ne, ba kuma cuta ba ne. Na farkon shi ne wurin da kwamfuta ke aron fili idan ma'adanar aikinta, wadda aka fi sani da RAM, ta cika. Na biyun kuma shi ne inda take kwafe duk abin da take yi kafin ta shiga dogon barci. Dabarar da ta haifi fayil na farko ta girmi Windows da shekaru masu yawa. An fara ganin ta tana aiki ne a shekarar 1962 a Jami'ar Manchester da ke Ingila, a cikin wata katafariyar kwamfuta mai suna Atlas. Mutumin da ya jagoranci ƙera ta shi ne Tom Kilburn, wanda ya rasu a 2001 ba tare da ya taɓa mallakar kwamfuta a gidansa ba.

Tasowarsa

An haifi Tom Kilburn ranar 11 ga Agustan 1921 a kusa da garin Dewsbury da ke yankin Yorkshire a arewacin Ingila, yankin da ya yi suna wajen masaƙun ulu. Mahaifinsa akawu ne a ɗaya daga cikin masana'antun, kuma daga baya ya kai matsayin sakataren kamfani. Gidansu ba gidan masu kuɗi ba ne, ba kuma gidan malaman jami'a ba ne.

Ya yi karatun sakandare a makarantar Wheelwright da ke Dewsbury daga 1932 zuwa 1940. A nan ne shugaban makarantar ya lura da kaifin ƙwaƙwalwarsa a lissafi, ya kuma ƙarfafa masa gwiwa ya bi wannan fanni. A 1940 ya samu tallafin karatu ya shiga kwalejin Sidney Sussex ta Jami'ar Cambridge domin karanta lissafi.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya riga ya yi zafi. Manyan malaman lissafi da dama sun bar jami'a sun tafi aikin yaƙi, an kuma gajarta wa ɗalibai shekarun karatu. Saboda haka Kilburn ya kammala a 1942, bayan shekara biyu kacal, da sakamako mai daraja ta ɗaya.

Gwamnati ba ta tura shi fagen daga ba. An ba shi gajeren horo kan lantarki, sannan aka tura shi cibiyar binciken sadarwa ta TRE da ke garin Malvern, inda masana ke aikin sirri kan rada, wato na'urar da ke hango jiragen sama daga nesa. A can aka sa shi ƙarƙashin Freddie Williams, wani injiniya da ya shahara wajen tsara hanyoyin lantarki. Da farko Williams bai yi murna da zuwansa ba, domin ƙwararren mai aikin hannu yake nema, sai ga shi an kawo masa ɗan lissafi wanda bai san kan waya ba. Amma kafin yaƙin ya ƙare, saurayin ya zama ɗaya daga cikin mutanen da Williams ya fi dogara da su.

Na'ura mai lissafi amma ba ta da tunawa

Bayan yaƙi, masana a Amurka da Birtaniya sun san cewa za a iya ƙera na'urar lantarki mai lissafi cikin sauri. Amurkawa sun riga sun ƙera ENIAC. Matsalar ita ce ma'adana. ENIAC ba ta ajiye umarnin aikinta a cikinta, duk lokacin da za a canza mata aiki sai an yi kwanaki ana sauya wayoyi da maɓallai. Abin da ake buƙata shi ne wurin ajiya mai saurin lantarki, wanda zai riƙe lambobi da umarni tare.

Williams ya ga yadda wasu a Amurka ke ƙoƙarin ajiye bayanai a kan gilashin kwalbar rada, irin wadda ake gani a tsofaffin talabijin masu ƙoƙo, ba tare da sun yi nasara ba. Da ya dawo gida sai ya kama gwada tasa dabarar. A watan Disamban 1946 ya koma Jami'ar Manchester a matsayin farfesa, ya kuma nemi a ba shi aron Kilburn daga TRE domin su ci gaba da aikin tare.

Yadda abin yake shi ne, idan tartsatsin lantarki ya bugi gilashin kwalbar yakan bar ɗan caji a wurin. Wani farantin ƙarfe da aka manna a gaban gilashin yana iya gane ko akwai cajin ko babu, wato ko 1 ne ko 0. Sai dai cajin yakan zirare cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Maganin da suka samo shi ne na'urar ta riƙa karanta kowane ɗigo tana sake rubuta shi ba tsayawa, kafin ya ɓace. Har yau RAM ɗin da ke cikin wayoyi da kwamfutoci tana sabunta cajinta a kai a kai, ko da yake kayan da ake ƙera ta da su sun canza gaba ɗaya.

Kilburn ya shafe shekarar 1947 yana gyara wannan dabara. Kafin ƙarshen shekarar, kwalba ɗaya tana iya riƙe ɗigo 2,048 na tsawon sa'o'i. A watan Disamba ya rubuta rahoto kan aikin, rahoton da ya yaɗu har Amurka. Daga baya kamfanin IBM ya karɓi lasisin amfani da irin wannan kwalba a kwamfutarsa ta IBM 701.

Jaririyar Manchester

Domin su tabbatar da cewa ma'adanar za ta jure aiki na gaske, sai suka yanke shawarar ƙera ƙaramar kwamfuta a kewayenta. Kilburn ne ya yi mafi yawan zanen, tare da wani injiniya daga TRE mai suna Geoff Tootill. An yi wa na'urar laƙabi da Baby, wato jaririya, duk da cewa tsawonta ya kai ƙafa 17, nauyinta ya kusa tan ɗaya, kuma tana da kwalaben lantarki kusan 550.

Ma'adanarta layi 32 ce kawai, kowane layi mai ɗigo 32. Umarni bakwai kaɗai ta sani. Ko tarawa ba ta iya yi kai tsaye, sai dai ta bi ta hanyar ɗebewa.

Ranar 21 ga Yunin 1948, Baby ta gudanar da wani shiri mai umarni 17 da Kilburn ya rubuta, wanda aikinsa shi ne gano lamba mafi girma da za ta raba wata lamba ba tare da saura ba. Sun fara da ƙananan lambobi, sannan suka ba ta 262,144. Ta yi minti 52 tana aiki, ta gudanar da umarni kimanin miliyan uku da rabi, ta fitar da amsa daidai: 131,072. Amsar ba ita ce abin mamaki ba, domin kowa ya san ta tun farko. Abin da ya faru shi ne, a karon farko a duniya, na'urar lantarki ta gudanar da shirin da ke ajiye a cikin ma'adanarta ta lantarki. Kilburn yana da shekara 26 a lokacin. A wannan shekarar ce kuma ya samu digirinsa na uku.

Daga nan aiki ya kankama. An faɗaɗa Baby ta zama Manchester Mark 1 a 1949. Gwamnati ta ba kamfanin Ferranti kwangilar ƙera irinta domin sayarwa, kuma a watan Fabrairun 1951 aka kawo Ferranti Mark 1 ta farko jami'ar. Shahararren masanin lissafin nan Alan Turing, wanda ya koma Manchester a 1948, shi ya rubuta littafin koyar da yadda ake rubuta mata shiri. A farkon shekarun 1950 Williams ya mayar da hankalinsa kan wasu fannonin injiniya, ya bar wa Kilburn ragamar aikin kwamfuta.

Wahalar tebur da sito

Tun daga Mark 1 wata matsala ta bayyana, wadda ta addabi masu rubuta manhaja a ko'ina. Ma'adana mai sauri tana da tsada, saboda haka ƙarama ake yin ta. Domin samun ƙarin fili, sai aka haɗa wa kwamfutar wata ganga mai maganaɗisu da ke juyawa, wadda ke ɗaukar bayanai masu yawa amma tana da nawa ƙwarai. Kwamfuta kuwa ba ta iya aiki da abin da ke kan ganga sai an kwafo shi zuwa ma'adana mai sauri.

Kamar ɗan kasuwa ne mai ƙaramin tebur a bakin hanya da babban sito a bayan kasuwa. Abin da ke kan tebur kaɗai zai iya miƙa wa mai saye nan take. Idan aka nemi abin da ke sito, dole a je a ɗauko, kuma kafin a ɗora shi sai an sauke wani abu daga teburin.

A wancan zamani, mai rubuta manhaja ne da kansa zai tsara duk wannan kai da kawo. Zai yanka shirinsa gunduwa gunduwa, ya rubuta lokacin da za a ɗauko kowace gunduwa da wurin da za a ajiye ta da wadda za a mayar. Kuskure ɗaya zai rushe aikin kwanaki. Masanin kimiyyar da ya zo domin warware matsalar lissafi sai ya ɓuge da zama ɗan dako tsakanin ma'adana biyu. Haka kuma shirin da aka rubuta wa wata na'ura ba zai yi aiki a wata mai girman ma'adana daban ba sai an sake shi.

Tawagar Kilburn ta ci gaba da ƙera sababbin na'urori. A watan Nuwamban 1953 suka gwada wata kwamfuta mai amfani da tiransisto maimakon kwalabe, wadda ake lissafa ta cikin na farko irinta a duniya. A 1954 suka kammala Meg, wadda Ferranti ya sayar da sunan Mercury. Duk da haka, wahalar tebur da sito tana nan daram.

Atlas da ma'adanar aro

A 1956 Kilburn ya fara wani aiki mai suna Muse, da burin ƙera na'urar da za ta gudanar da umarni kusan miliyan ɗaya a daƙiƙa. A Amurka ana ƙera manyan na'urori irin su Stretch ta IBM da kuɗin gwamnati, alhali a Manchester tawagar jami'a ce mai ƙaramin kasafi. A ƙarshen 1958 Ferranti ya shigo cikin aikin, aka sauya masa suna zuwa Atlas.

Na'ura mai irin wannan gudu ba za ta yiwu ta zauna tana jiran ɗan Adam ya tsara mata kai da kawon bayanai ba. Shawarar da Kilburn da abokan aikinsa, David Edwards da Michael Lanigan da Frank Sumner, suka yanke ita ce a ɗauke wa mai rubuta manhaja wannan nauyi ɗungurungum. Shi dai ya rubuta shirinsa kamar yana da ma'adana guda ɗaya mai faɗin gaske, na'urar kuma ta san yadda za ta yi. Sun kira tsarin ma'adana mai hawa ɗaya, kuma sun wallafa bayaninsa a 1962.

Atlas ta Manchester tana da ma'adana mai sauri ta kalma 16,384, kowace kalma mai ɗigo 48, da kuma ganguna huɗu masu ɗaukar kalma 98,304. Amma mai rubuta manhaja yana iya kiran adireshi har 1,048,576. An yanka duk bayanai zuwa shafuka masu girma ɗaya, kowane shafi kalma 512. Ke nan shafi 32 ne kawai ma'adana mai sauri ke iya ɗauka a lokaci guda.

Kowane ɗaya daga cikin guraben nan 32 yana da wata 'yar rajista da ke riƙe da lambar shafin da ke zaune a cikinsa. Duk lokacin da shiri ya nemi wani adireshi, na'urar takan gwada lambar shafin da dukkan rajistocin a lokaci ɗaya. Idan shafin yana nan, aiki ya ci gaba ba tare da ɓata lokaci ba. Idan ba ya nan, sai a dakatar da shirin, babbar manhajar da ke kula da na'urar ta ɗauko shafin daga ganga, ta gyara rajistar, sannan shirin ya ci gaba daga inda ya tsaya ba tare da ya san an yi wani abu ba.

Tambaya mai wuya ita ce wane shafi za a sauke domin a samar wa sabo wuri. Idan aka sauke wanda za a buƙata nan gaba kaɗan, an yi aikin banza. Saboda haka suka rubuta wani ɗan shiri mai koyo, wanda ke lura da tsawon lokacin da kowane shafi ya yi ba a taɓa shi ba, da kuma tsawon hutun da ya yi a baya, ya yi hasashen wanda za a fi daɗewa ba a nema ba. Suna kuma barin gurbi ɗaya a buɗe kullum, domin sabon shafi ya samu masauki nan take.

Tun da ɗauko shafi daga ganga yana cin lokaci dubban ninkin karanta ma'adana mai sauri, ba a barin na'urar ta zauna haka nan. Kafin shafin ya iso, sai ta koma kan aikin wani mutum daban. Wannan ya sa Atlas ta riƙa gudanar da ayyuka da dama tare, kuma tsarin shafukan ya hana shirin wani taɓa bayanan wani. Manhajar da ke kula da duk wannan, wadda David Howarth ya taka babbar rawa wajen rubuta ta, masana da dama na kallon ta a matsayin babbar manhajar kwamfuta ta zamani ta farko.

An ƙaddamar da Atlas ranar 7 ga Disamban 1962, kuma Sir John Cockcroft, masanin kimiyyar nukiliya da ya ci kyautar Nobel, shi ya buɗe ta. Tana cikin kwamfutoci mafi ƙarfi a duniya a lokacin. Har ana cewa duk ranar da ta samu matsala, rabin ƙarfin kwamfutar Birtaniya ya tsaya.

Dabara ta yi nasara, ciniki bai yi ba

Ta fuskar kasuwa, Atlas ba ta yi abin kirki ba. Guda uku kawai aka ƙera na ainihin samfurin: ta Manchester, da wadda Jami'ar Landan ta yi tarayya da kamfanin mai na BP a kanta, da kuma ta cibiyar bincike da ke Chilton. An ƙera wasu 'yan kaɗan na wani samfurin da aka rage wa tsada, ciki har da Titan ta Cambridge. A 1963 Ferranti ya sayar da sashensa na manyan kwamfutoci ga kamfanin ICT, sannan a 1964 kwamfutar CDC 6600 ta Amurka ta zo ta sha gabanta a gudu. An kashe Atlas ta Manchester a 1971.

Ita ma dabarar ba a karɓe ta nan take ba. Masu rubuta manhaja da yawa sun yi imanin cewa ƙwararren mutum zai fi na'ura iya tsara ma'adana. Kwamfutocin da suka kwaikwayi tsarin a shekarun 1960 kuma sun gamu da wata cuta: idan aka cika musu ayyuka fiye da kima, sai su ɓata duk lokacinsu wajen ɗauko shafi da mayar da shafi, aikin gaske ya tsaya cak. Masanin Amurka Peter Denning ne ya bayyana musabbabin wannan a 1968, ya nuna cewa kowane shiri yana da wasu shafuka da yake yawan komawa kansu, kuma muddin ba su samu wuri a ma'adana mai sauri ba, to na'urar za ta yi ta wahalar banza.

Da aka fahimci haka, sai hanya ta buɗe. A 1972 IBM ya sanar da sanya ma'adanar aro a jerin kwamfutocinsa na System/370. A 1985 Intel ya fitar da ƙwaƙwalwar 80386 mai iya sarrafa shafuka, abin da ya kawo dabarar cikin kwamfutocin ofis da na gida. Birtaniya ce ta ƙirƙira, amma kamfanonin Amurka ne suka ci moriyar.

Abin da fayilolin nan ke yi a yau

Fayil ɗin pagefile.sys shi ne magajin gangar Atlas. Idan mutum ya buɗe manhajoji da yawa har RAM ta kusa cika, Windows kan ɗauki shafukan da aka daɗe ba a taɓa ba ta ajiye su a wannan fayil da ke kan faifan ajiya. A yawancin kwamfutoci girman shafi ɗaya bait 4,096 ne. Wannan ne ya sa idan ka koma kan manhajar da ka bari a buɗe tun safe, takan ɗan yi jinkiri kafin ta farfaɗo, domin ana kwaso shafukanta ne daga sito. Idan kuwa kwamfuta ta koma tafiyar hawainiya, faifanta yana ta aiki ba tsayawa, to sau da yawa cutar nan ce da Denning ya bayyana. Maganinta rufe wasu manhajoji ko ƙara RAM, domin ƙara girman fayil ɗin ba zai sa faifai ya yi saurin RAM ba. Kashe shi gaba ɗaya kuma yana iya sa manhajoji su riƙa mutuwa da zarar ma'adana ta cika.

Shi kuwa hiberfil.sys ba ƙirƙirar Kilburn ba ne, ya zo ne shekaru da yawa bayan Atlas, amma tushensu ɗaya: kwafe abin da ke ma'adana mai sauri zuwa wurin da ba ya mantuwa. A barci na yau da kullum, kwamfuta tana ci gaba da ba RAM 'yar wuta domin kada ta manta, kuma idan batir ya ƙare komai ya tafi. A dogon barci kuwa, takan rubuta abin da ke cikin RAM a wannan fayil sannan ta mutu murus. Idan aka kunna ta, ko bayan mako guda ne, sai ta karanto fayil ɗin ta dawo daidai inda aka bar ta. Ga wanda ke zaune inda wutar lantarki ba ta da tabbas, wannan ba ƙaramin amfani ba ne. Tun daga Windows 8 kuma, tsarin saurin tashi yana amfani da wannan fayil ɗin, ko da mutum bai taɓa sa kwamfutarsa dogon barci ba.

Windows ba ta barin a goge waɗannan fayiloli kamar sauran fayiloli, sai dai a rage su ko a kashe su ta hanyar saiti. Wanda ya kashe dogon barci zai samu fili a faifansa, amma ya rasa wancan amfanin. Akwai kuma abin lura ta fuskar sirri: tun da fayilolin biyu kwafin abin da ke cikin RAM ne, suna iya ɗauke da gutsattsarin takardu da saƙonni da mutum ya buɗe. Saboda haka ya kamata a share faifai sosai kafin a sayar da tsohuwar kwamfuta.

Dabarar ta shiga wayoyin hannu ma. Wayoyin da ake tallata su da RAM kashi biyu, kamar 8GB da ƙarin 8GB, kashi na biyun aro ne daga ma'ajiyar wayar. Yana taimakawa wajen riƙe manhajoji a buɗe, amma bai kai na ainihin sauri ba, kuma mai saye ya kamata ya san haka kafin ya biya kuɗi.

Malami, magidanci, ɗan ƙwallo

Kilburn ya zama farfesa a 1960. A 1964 ya kafa sashen kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Manchester, irinsa na farko a Birtaniya, kuma ɗaliban digirin farko suka fara karatu a 1965. A wannan shekarar aka zaɓe shi cikin ƙungiyar manyan masana kimiyya ta Royal Society, wadda ta ba shi lambar yabonta ta sarauta a 1978. Ya samu lambar girmamawa ta CBE a 1973. Babbar na'urarsa ta ƙarshe ita ce MU5, wadda ta yi tasiri a kan jerin kwamfutocin 2900 na kamfanin ICL. Ginin da sashen yake ciki a yau yana ɗauke da sunansa.

Waɗanda suka yi aiki da shi sun san shi da ƙarancin magana da tsayuwa kan ra'ayi, kuma ya fi son a ƙera abu a gwada shi a kan a yi ta muhawara. Ya yi aure a 1943, ya haifi ɗa ɗaya da 'ya'ya mata biyu. Yakan kai iyalinsa hutu garin Blackpool da ke bakin teku, amma yakan dawo kafin wasan farko na Manchester United, ƙungiyar da ya goyi bayanta tsawon rayuwarsa. Yana cikin filin Wembley a watan Mayun 1968 lokacin da ta doke Benfica da ci 4 da 1 ta ɗauki kofin Turai, kuma ya ɗauki wannan rana a matsayin mafi daɗi a rayuwarsa.

A 1981 ya nemi yin ritaya da wuri domin ya kula da matarsa da ke fama da ciwon ƙirji. Sai dai ta rasu makonni biyu kafin ranar ajiye aikin nasa. Bai fasa ritayar ba. Ya ci gaba da zama shi kaɗai a ɗan madaidaicin gidansu da ke Manchester, nesa da harkar da ya taimaka wajen kafawa.

A 1998, lokacin bikin cika shekara 50 da aikin Baby, ya fito ya halarci ƙaddamar da kwafinta mai aiki da wasu injiniyoyi 'yan sa kai suka ƙera, wadda aka ajiye a gidan tarihin kimiyya da masana'antu na Manchester. Ya rasu ranar 17 ga Janairun 2001 a wani asibiti da ke yankin Manchester, sakamakon ciwon huhu da ya biyo bayan tiyatar ciki. Yana da shekara 79.